Tarihin injinan dizal na Marsandi: OM615, OM616 da OM617

OM615 da OM616 da OM617 sunaye ne na injinan dizal uku 'yan gida ɗaya da kamfanin Daimler-Benz na ƙasar Jamus, mai ƙera motocin Mercedes-Benz da aka fi sani da Marsandi, ya fitar ɗaya bayan ɗaya a 1968 da 1973 da 1974. Haruffan OM taƙaitawa ce ta kalmar Jamusanci Oelmotor, wato inji mai shan mai mai kauri, kuma da su kamfanin ke bambanta injinan dizal da na fetur, waɗanda yake sa wa harafin M kaɗai. Biyun farko masu silinda huɗu ne, na ukun mai silinda biyar. An sa su a ƙananan motocin shiga da motocin haya da bas-bas da motocin jeji, kuma kusan su ne suka jawo wa Marsandi sunan da ta yi na motar da ba ta mutuwa.

Jamus ta daina ƙera su shekaru da dama da suka wuce, amma har yau suna aiki a tashoshin mota na Afirka da Gabas ta Tsakiya, ana kuma saye da sayar da su a kasuwannin kayan gyara. Duk wanda zai sa kuɗinsa a tsohuwar bas, ko a injin da aka sauke daga ƙasar waje, yana da buƙatar sanin wane ne wane a cikinsu, domin a ido sun yi kama ƙwarai, a aiki kuwa akwai tazara.

Asalin gidan

Injin dizal ya samo sunansa daga Rudolf Diesel, injiniyan Jamus da aka haifa a birnin Paris a 1858, wanda injinsa na farko mai aiki sosai ya tashi a Augsburg a 1897. Injinan wancan zamani manya ne masu nauyi, ba sa juyi da sauri, sun dace da masana'antu da jiragen ruwa. Abubuwa biyu suka sa aka iya rage su har suka shiga mota. Na farko dabarar Prosper L'Orange ce, injiniyan kamfanin Benz, wanda a 1909 ya yi rajistar fasahar ƙona mai a wani ɗan ƙaramin ɗaki kafin wutar ta isa cikin silinda. Na biyu famfon feshin mai ne da kamfanin Bosch ya fara ƙerawa da yawa a 1927. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1926, kamfanonin Daimler da Benz suka haɗe suka zama ɗaya.

A watan Fabrairun 1936 aka nuna Mercedes-Benz 260 D a bajekolin motoci na Berlin. Injinta OM138 mai lita 2.5 ne da ƙarfin doki 45, kuma ana lissafa ta cikin ƙananan motocin dizal na farko da aka ƙera don kasuwa. Kusan guda 2,000 aka yi kafin yaƙi ya tsayar da aikin a 1940, akasarinsu 'yan tasi suka saya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai OM636 ya fito a 1949 da ƙarfin doki 38, sannan OM621 a 1958. Wannan na ƙarshe shi ne uban gidan da ake magana a kai, domin daga gare shi aka gaji tsarin ɗora kamshaf a saman kan inji, sarƙa tana juya shi.

Yadda suke aiki

Injin fetur yana zuƙar iska gauraye da mai, ya matse su, sannan fulogi ya kyasta wuta. Injin dizal ba ya buƙatar kyastu. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta matsi mai tsanani har ta yi zafin da ya haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, a daidai lokacin nan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. A injinan OM615 zuwa OM617 ana matse iskar har ta koma kashi ɗaya cikin 21 na girmanta, alhali injinan fetur na wancan zamani ba su cika wuce ɗaya cikin 9 ba. Wannan matsi shi ne sirrin tattalin man da dizal ke yi, shi ne kuma dalilin da ya sa dole komai na jikin injin ya yi kauri.

Man ba kai tsaye yake faɗawa kan fistin ba. A cikin kan injin, bisa kowace silinda, akwai ɗan ɗakin nan na L'Orange, wanda za a iya kwatanta shi da zaure a ƙofar gida. Nan nozul ke fesa mai, feshin ya daki wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai zafi da ke tsakiyar zauren ya tarwatse, wuta ta fara ci, sannan ƙarfinta ya tura sauran man ta wasu ƙananan huduji zuwa cikin silinda inda ƙunar ke kammala. Amfanin wannan zagaye shi ne ƙunar ba ta zuwa da duka ɗaya mai ƙarfi, tana zuwa a hankali, don haka ƙara tana raguwa, injin yana iya juyi har sau 4,000 da 'yan kai a minti, kuma ba ya tsananta zaɓen mai. Hasararsa kuwa ita ce wani kaso na zafin yana salwanta a bangon zauren, shi ya sa irin waɗannan injina suka fi masu feshi kai tsaye shan mai da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Saboda wannan salwantar zafi ne kuma suke buƙatar hita fulogi, wato ɗan ƙarfen da batir ke gasawa ya ɗumama zauren kafin a tayar da inji da sanyin safiya.

Gangar injin da kansa duka zubin baƙin ƙarfe ne. Kowace silinda bawul biyu gare ta, na shigar iska da na fitar hayaƙi. Sarƙar taimin mai layi biyu ce, tana iyo cikin baƙin mai, ba bel na roba ba da ake fargabar tsinkewarsa. Famfon injekta na Bosch ne mai jerin ƙananan fistin, ɗaya ga kowace silinda, kuma duk aikinsa na ƙarfe ne da sifirin: babu kwamfuta, babu na'urar aunawa ta lantarki. Da zarar injin ya tashi, ko an cire batir zai ci gaba da aiki muddin akwai mai a tanki. Nozul ɗinsa yana buɗewa a matsin da ya kai kimanin ba 115, ko 135 a masu turbo. Injinan zamani suna aiki da ba 2,000 ko fiye, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai ke kashe injekta ta zamani, tsohuwar kuwa ta yi tari ta wuce.

Masu silinda huɗu

OM615 ya fito a farkon 1968 tare da motar da kamfanin ya yi wa lambar W115. Iri biyu aka yi. Na motar 200 D girmansa cc 1,988 ne, faɗin silindarsa milimita 87, tsawon tafiyar fistin milimita 83.6, ƙarfinsa doki 55. Na 220 D faɗin silinda ɗaya suke, sai dai an ƙara tafiyar fistin zuwa milimita 92.4, girman ya koma cc 2,197, ƙarfin ya zama doki 60. Ma'aunin dokin da ake nufi a nan shi ne na Jamus, wanda ya ɗan gaza na Amurka da Ingila kaɗan.

Doki 55 a motar da nauyinta ya kusa tan ɗaya da rabi ba abin alfahari ba ne. 200 D takan ɗauki kimanin daƙiƙa 31 kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa daga tsaye, iyakar gudunta kuma kilomita 130. Jamusawa da kansu sun yi mata laƙabi da tudun rairayi mai tafiya, saboda nawarta. Sai dai masu sayenta ba tsere suke nema ba. Ɗan tasi da manomi da likitan ƙauye abin da ya dame su shi ne lita nawa za ta sha, kuma shekara nawa za ta yi kafin a buɗe inji. A nan ne raunin ya zama alheri: injin da aka gina da ƙarfen da zai ɗauki ninkin aikinsa, aka kuma hana shi wahalar da kansa, ba ya saurin tsufa.

A 1973 aka faɗaɗa silindar zuwa milimita 91, aka bar tafiyar fistin a 92.4, sai aka sami OM616 mai cc 2,404 da doki 65, wanda aka sa a 240 D. Fitowarsa ta zo daidai da rikicin man fetur na watan Oktoban wannan shekara, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka taƙaita sayarwa ga wasu ƙasashen Yamma, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Turawan da a da ke ganin dizal abin motar kaya ne suka fara layin sayen ta. Da motar W123 ta maye gurbin W115 a 1976, 240 D ce ta fi kowane samfuri nata kasuwa: daga cikin kusan miliyan 2.7 da aka ƙera zuwa 1986, fiye da 400,000 wannan samfurin ne.

An yi wa gidan gaba ɗaya kwaskwarima a 1978 da 1979. An sake fasalin zauren ƙuna da kamshaf, an kuma rage faɗin silinda da kashi ɗaya cikin goma na milimita, daga 91 zuwa 90.9. OM616 ya koma cc 2,399 amma ƙarfinsa ya hau zuwa doki 72, na 200 D ya kai doki 60, hakan ya sa 220 D ta rasa gurbi aka daina yin ta. Wannan ɗan bambanci na silinda yana da muhimmanci ga mai sayen fistin da ringi, domin injinan biyu suna ɗaya suke amsawa.

Silinda ta biyar

Masu saye sun ci gaba da neman ƙarin ƙarfi, kamfanin kuwa ya tarar ba zai iya ƙara faɗaɗa silinda huɗun nan ba tare da injin ya riƙa jijjiga fiye da kima ba. Mai silinda shida kuma zai yi tsawo da nauyi da tsada. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki OM616 a ƙara masa silinda guda a jere. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Ferdinand Piëch, jikan Ferdinand Porsche, wanda a lokacin ya bar kamfanin Porsche ya buɗe ofishin injiniya na kansa, kafin daga baya ya koma Audi, har ya zama shugaban Volkswagen.

Sakamakon shi ne OM617 na 1974, mai cc 3,005 da doki 80, injin silinda biyar na farko da aka sa a ƙaramar motar shiga da ake ƙerawa da yawa. Motar da ta fara ɗaukarsa an kira ta 240 D 3.0, suna mai rikitarwa da aka gyara zuwa 300 D a W123. Tana kai kilomita 100 a awa cikin kimanin daƙiƙa 20, iyakar gudunta kilomita 148, a lokacin babu ƙaramar motar dizal da ta kai ta. Ƙarfin juyinsa, wato abin da ke fizgar mota daga tsaye ko a hawan tudu, Niyuton-mita 172 ne, idan aka kwatanta da 137 na OM616 da 113 na ƙaramin OM615. Bayan kwaskwarimar 1979 ya koma cc 2,998 da doki 88, kuma saukarsa ƙasa da lita 3 ta yi wa masu shi rana a ƙasashen da ake yanke harajin mota bisa girman inji.

A inji mai silinda huɗu wuta tana tashi sau ɗaya a kowane rabin juyi na karanshaf, wato digiri 180. A mai biyar tana tashi a kowane digiri 144, bisa jerin 1, 2, 4, 5, 3, saboda haka kafin turin wata silinda ya ƙare na gaba ya fara. Daga nan laushin tafiyarsa ya fito, da kuma amon nan nasa mai kama da gurnani da tsofaffin direbobi ke ganewa daga nesa. Da yake fistin da bawul da nozul nasa duk irin na OM616 ne, kamfanin bai kashe kuɗi mai yawa a sababbin kayan ƙira ba, kanikawa ma ba su sake koyon aiki ba.

OM617 ne kuma ya kawo tayar da inji da kashe shi da makulli kawai. Kafinsa direban dizal sai ya ja wani maɓalli ya riƙe, yana kallon wata 'yar waya a gaban mota har ta yi ja, alamar hita ta yi zafi, sannan ya ƙara ja inji ya tashi.

Turbo da kasuwar Amurka

A 1975 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kowane kamfanin mota ya kai wani matsakaicin tattalin mai a jimillar motocin da yake sayarwa, daga samfurin 1978. Marsandi manyan motoci masu zuƙar fetur take sayarwa a can, don haka ta nemi dizal da zai iya jan babbar motarta ta alfarma ba tare da kunyata ta ba. Amsar ita ce turbo, wata farfela da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda domin a ƙona ƙarin mai.

Kafin a kai shi kasuwa sai da aka gwada shi a bainar jama'a. A watan Yunin 1976, a da'irar gwajin motoci ta Nardò da ke kudancin Italiya, an sa OM617 mai turbo da aka ɗaga zuwa doki 190 a motar gwaji C111, direbobi huɗu suna karɓa-karɓa, ta yi kusan kwana biyu da rabi tana gudu a matsakaicin kimanin kilomita 252 a awa. A watan Afrilun 1978 aka koma da wata mai doki 230, wadda ta yi awa 12 tana tafiya a matsakaicin da ya haura kilomita 300 a awa, ta kafa tarihin duniya guda tara. Gangar injin da ta yi wannan aiki ita ce dai ta motar tasi.

A wannan shekara ta 1978 aka fara sayar da 300 SD a Amurka da Kanada kaɗai, ita ce ƙaramar motar shiga ta farko mai dizal da turbo da aka ƙera don kasuwa. Ƙarfinta ya fara daga kimanin doki 110, daga baya injin ya kai 125, ƙarfin juyinsa kuma ya kusa Niyuton-mita 250. Turai ba ta same shi ba sai a 1980, a doguwar W123 mai ɗaukar kaya a baya, bayan Peugeot 604 ta riga ta shiga wannan kasuwa a 1979.

Ba ɗaura turbo kawai aka yi ba. An ƙarfafa karanshaf, an sa bawul ɗin hayaƙi masu jure zafi, an ƙara girman famfon baƙin mai, an kuma sa wasu ƙananan bututu da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin kowane fistin don sanyaya shi. Wanda ya ɗora turbo a kan OM617 na gama-gari, wanda ba shi da waɗannan, fistin ɗinsa yake dafawa.

A tasha da kan hanya

Rabin labarin waɗannan injina a motocin aiki yake. A 1977 kamfanin ya fitar da bas da motar kaya da ake ƙerawa a Bremen, masu lamba 207 D da 307 D, duka da OM616, sannan a farkon shekarun 1980 aka ƙara 209 D da 309 D masu OM617. Lambar farko tana nuni da ajin nauyin motar a tan, biyun ƙarshe kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki. A Ghana lambar 207 ta zama sunan bas ɗin haya kanta, duk wanda ya taɓa hawa mota tsakanin Accra da Kumasi ya san ta. Motar jeji ta G, da aka fara ƙerawa a Graz ta ƙasar Ostiriya a 1979, ta fito da 240 GD da 300 GD, kuma a cikinta OM617 ya daɗe har zuwa farkon shekarun 1990. Ƙananan Unimog da bas ɗin MB 100 ta Sifen su ma sun ɗauki masu silinda huɗun.

Misalin da aka fi kawowa na juriyarsu shi ne na wata 240 D ƙirar 1976 da wani ɗan tasi a birnin Tasalonika na Girka ya yi aiki da ita har ta kai kilomita miliyan 4.6, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Masu ba da labarin sukan tsallake cewa an sha sauke inji ana gyarawa ana musanyawa a tsawon wannan tafiya. Abin da ya fi kusa da gaskiyar yau da kullum shi ne injin da ake canja wa baƙin mai a kan kari yakan yi kilomita dubu ɗari biyar kafin ya nemi babban gyara, kuma idan ya nema yana gyaruwa. A Maroko 240 D ce ta riƙe harkar manyan tasi masu zirga-zirga tsakanin garuruwa shekaru da dama, fasinja shida ban da direba, har sai da gwamnati ta fito da shiri a 2014 na biyan masu su dirhami 80,000 su miƙa tsofaffin a rushe su sayi sababbi.

A Najeriya lamarin ya sha bamban. Rikicin man da ya kora Turawa zuwa dizal shi ne ya cika baitulmalin ƙasar da kuɗi. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, shekarar da masana'antar haɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, fetur kuma yana da arha, don haka mai sayen ƙaramar mota bai ga dalilin jure ƙara da nawar dizal ba. Daga baya gwamnati ta janye hannu daga farashin dizal tun da daɗewa, ta ci gaba da tallafa wa fetur har zuwa 29 ga Mayun 2023, abin da ya sa shekaru da yawa litar dizal ta fi ta fetur tsada. Shi ya sa akasarin ƙananan Marsandin da suka shigo ƙasar na fetur ne. Masu dizal sun fi yawa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, inda suka riƙa shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, wasu kuma a shekarun 1970 da 1980 Turawa matafiya ne ke tuƙo su ta Sahara, ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi.

Kada a haɗa waɗannan da injin babbar motar nan 911. Nata OM352 ne, mai silinda shida da lita 5.7, mai feshi kai tsaye, daga wani gida dabam. Masana'antar ANAMMCO ta Enugu, da aka buɗe a 1980, manyan motoci da bas-bas na Marsandi ta riƙa haɗawa, ba ƙananan motocin shiga ba.

Aibobinsu da abin da suke buƙata

Bawul ɗinsu ba sa daidaita kansu. Da hannu ake saita su, kusan kowane kilomita 20,000, inji yana sanyi: tazarar milimita 0.10 ga na iska, 0.30 ga na hayaƙi, ko 0.35 a mai turbo. Idan aka yi sakaci tazarar takan rufe, matsi ya zube, injin ya riƙa wahalar tashi da safe, mai shi ya yi ta sayen batir alhali ba nan ciwon yake ba. Sarƙar taimin ba ta cika tsinkewa ba, amma tana miƙewa da tsufa, lokacin feshin mai ya goce, hayaƙi ya ƙaru. Hita fulogi na farko-farko a jere aka haɗa su kamar carbi, ɗaya ya ƙone duka sun mutu. Wajen 1980 aka koma siraran da kowanne ke cin gashin kansa, kuma sun fi saurin zafi.

Akwai wani famfo a gaban injin da ke zuƙe iska don taimaka wa birki, kuma a W123 da wannan zuƙa ake kashe inji, ake kulle ƙofofi. Idan wani siririn tiyo ya tsage, direba zai zare makulli inji ya ƙi mutuwa. Saboda haka ne aka sa wani ɗan hannu mai jan tambari a jikin injin, a buɗe bonet a danna shi. Wannan abin dariya ne kawai. Wanda ba na dariya ba shi ne lalacewar boris ɗin famfon, domin ƙwayoyinsa kan zube cikin sarƙar taimin su hallaka injin gaba ɗaya, kuma ƙarar ƙwanƙwasa daga gaban inji ita ce gargaɗin da yake bayarwa. Tiyon da ke kai baƙin mai wurin sanyaya shi ma idan ya tsufa yakan fashe a kan hanya, man ya tsiyaye cikin 'yan mintuna.

An san su da haƙuri da mai maras kyau, har wasu a Turai da Amurka suna zuba musu man girki da aka tace. Abin ba sabo ba ne, tun a bajekolin Paris na 1900 aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Amma haƙurin yana da iyaka. Dizal mai yawan sinadarin salfa, wato farar wuta, yana sa baƙin mai ya yi tsami ya ci ƙarfe, kuma shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, lokacin da Tarayyar Turai ta tsaya a 10 tun 2009. A 2020 ne ƙasashen ECOWAS suka amince da saukowa zuwa 50. Inda man yake da salfa da yawa, ga kuma ƙurar hunturu, tazarar canjin baƙin mai da matatar iska da aka rubuta don titunan Jamus ta yi tsawo.

Babban aibinsu wanda gyara ba ya kawarwa shi ne hayaƙi. An ƙera su kafin dokokin tsaftar iska na yanzu, ba su da matatar toka a salansa, kuma a 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Birane da yawa a Jamus sun hana irin waɗannan motoci shiga tsakiyarsu, sai masu rajistar kayan tarihi. Wanda ya fi shaƙar wannan hayaƙi a tashoshin Afirka shi ne kwandasta da ɗan kamasho da mai talla a bakin titi. Ta fuskar shan mai ma zamani ya wuce su: 240 D takan sha lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, abin da dizal na yanzu mai ninkin ƙarfinta ba ya kaiwa.

Magada

A 1983 kamfanin ya fitar da OM601 a motar 190 D, sannan OM602 mai silinda biyar da OM603 mai shida suka biyo baya. Sun riƙe zauren ƙuna da famfon Bosch, amma kansu na alminiyom ne, bawul ɗinsu suna saita kansu da matsin baƙin mai, sun fi sauƙin nauyi da ƙarancin ƙara. Ƙananan motoci sun rabu da tsohon gidan da ƙarewar W123 a 1986, bas-bas ɗin Bremen kuma a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da 208 D da 310 D suka karɓi layi. A 1997 feshin zamani da kwamfuta ke sarrafawa ya shigo ƙananan motoci, aka rufe babin zauren L'Orange bayan kusan shekara 90.

A Indiya ne OM616 ya ci gaba da rayuwa. Kamfanin Bajaj Tempo na birnin Pune, wanda ya koma Force Motors a 2005, ya sami lasisin ƙera shi a farkon shekarun 1980, ya sa shi a bas ɗin Tempo Traveller, wadda ita kanta daga bas ɗin Bremen aka kwafo ta, da kuma motar karkara ta Trax. Kamfanin ya yi ta sabunta shi, ya ƙara girmansa zuwa lita 2.6, ya sa masa turbo da feshi kai tsaye na kwamfuta don cika dokokin hayaƙi na Indiya, kuma injin da ke cikin motocin Traveller da Gurkha na wannan zamani daga wannan ganga ta 1973 ya samo asali.